ICCE TUN YANA ƊANYE AKE TANƘWARA SHI

Akwai wata lalura da ke kama yara daga shekara 10 zuwa lokacin da girma ya tsaya, musamman 'yan mata, wadda iyaye ba su ankara da ita sai ta yi nisa. Ita ce karkacewar ƙashin baya, watau gadon bayan yaro ya lanƙwashe gefe guda. Galibi ba ta da zafi da farko, ga shi kuma riga da mayafi suna rufe ta.

Gane ta ba wuya. Uwa ta sa 'yarta ta sunkuya, ta dubi bayanta. In haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tudu, ko kuwa kafaɗa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta, to, sai asibiti. Wannan ba karaya ba ce, balle a kai wa mai ɗori. Ba kuma nauyin talla ke kawo ta ba.

Likita zai ɗauki hoto ya auna karkatar. In kaɗan ce, sai a riƙa dubawa. In ta kai digiri 25 zuwa 40, yarinya kuma tana kan girma, sai a auna mata wata riga ta roba mai tauri wadda ke tallafe ƙashin. In ta kai wajen 50, magana ta koma ta tiyata, da kuɗinta da haɗarinta.

Rigar nan tana aiki. A 2013 an bayyana wani bincike na Amurka da Kanada: cikin ɗari, yara 72 masu sa ta ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kuwa 48 ne. Masu sa ta fiye da awa 13 kullum su suka fi dacewa. Ba ta miƙar da ƙashi sarai, hana shi ƙara karkata take yi. Akwai kuma motsa jiki na musamman, wanda Katharina Schroth ta fara koyarwa a Jamus a 1921. Yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin rigar.

Saboda haka mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan kada su ce sai an je gida da salla. Ga asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, ga na Enugu, daidai suke da na Dala a Kano. Da zarar girma ya tsaya, rigar ba ta da sauran amfani.

Abin da ya fi kayar da magani shi ne kunya. Yarinyar da ƙawaye suka yi wa dariya za ta tuɓe rigar ta ɓoye. Wajibi ne iyaye da malaman makaranta su tsaya mata, sarakunan Hausawa kuma su yayata maganar. Zafin riga na shekara biyu ko uku ya fi da-na-sani na har abada sauƙi. Allah ya raya zuriya cikin lafiya.