Gida Biyu Maganin Gobara, In Ba Danga Ɗaya Suka Haɗa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, wata magana ta yaɗu tsakanin fatake da masu POS na Anka da Gummi da Bukkuyum, watau wai in mutum ya haɗa layukan kamfani biyu, kamar MTN da Airtel, ƙarfin intanet ɗinsa zai ninka. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba duka ba, kuma ya kamata a tsefe ta kafin mutane su zuba dukiyarsu.

Haɗa layi biyu iri uku ne. Na fari shi ne ajiye ɗaya domin ko-ta-kwana, in wannan ya ɗauke a koma wancan. Wayar hannu mai sim biyu nan ta tsaya, domin galibi sim ɗaya ke ɗaukar data a lokaci guda. Na biyu shi ne raba aiki: akwatin rarraba intanet ya aika buƙatar wani ta wannan layi, ta wani kuma ta wancan. Wannan yana da amfani a shago ko makaranta inda masu aiki suke da yawa, amma mutum ɗaya mai sauke littafi ɗaya ba zai ga saurin da ya wuce na layi ɗaya ba. Na uku shi ne haɗawa ta haƙiƙa.

Misalinsa kamar falke ne mai jakai biyu da buhu ɗaya na gero. Buhun ba ya hawa jakai biyu sai an farke shi an raba, sa'an nan a sami wakili a can masauki wanda zai tara geron ya ɗinke. Haka saƙon intanet yake: na'ura tana yanka shi ƙanana ta aika ta layukan biyu, wata babbar kwamfuta a nesa ta jera su yadda suke. Wakilin nan haya ake biyansa. In kuwa jaki ɗaya gurgu ne, dole a jira shi, don haka goma da goma a nan ba su cika ashirin. Ga kuɗin data na layi biyu, alhali tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari.

To, abin da ya fi sauri muhimmanci ga falke shi ne kada hanya ta yanke, kuma a nan ne asalin layi yake da daraja. Ran 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Aikin bankuna ya cije, mai saye da mai sayarwa suka yi cirko-cirko. Amma igiyar Glo-1 ba ta yanke ba, wanda ya riƙe layin da ke bin ta ya sami sauƙi. Ranar nan gida biyu ya yi maganin gobara.

Amma fa mutanen Zamfara sun ga ranar da bai yi ba. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, NCC ta umurci kamfanoni duka su rufe sabis a jihar saboda yaƙi da ɓarayin daji. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran garuruwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da iznin maidowa. Mai sim huɗu da mai sim ɗaya duk suka zama ɗaya, mai son aika kuɗi sai ya shiga mota ya nemi sabis a wata jiha. Ko ba a rufe ba, sau da yawa kamfanoni biyu ƙarfen sabis ɗaya suke haya, injin wuta ɗaya ke ciyar da su. In man injin ya ƙare, ko hanya ta hana a kai shi, duka biyu su yi shiru tare.

Saboda haka wanda zai haɗa layi ya fara tambaya: shin ƙarfensu ɗaya ne? Ya gwada kowanne a rumfarsa ranar kasuwa, sa'ad da jama'a suka cika, ba da asuba ba. Mai hali yana iya haɗa layin ƙasa da na tauraron ɗan Adam, kamar Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023, domin hanyarsu ta bambanta. Sai dai yana da tsada, yana son lantarki, ya fi dacewa fatake su yi tarayya a kansa da sharaɗi rubutacce.

Mai POS amanar mutane ke hannunsa, layi na biyu a gare shi kiyaye amana ne, ba almubazzaranci ba. Mai sayar da na'ura kuwa, in ya ce ma mai saye sauri zai ninka alhali raba aiki kaɗai take yi, ya yi algus, malamai kuwa ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba. Allah Ya ba ƙasar nan lafiya, Ya sa albarka a fatauci, amin. Wassalam.