Wasan Yaƙi A Kan Tebur: Wane Tsari Ya Dace Da Matasan Kura Da Bunkure?

Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando a wannan yanki. Daga shinkafa sai alkama, daga tumatir sai albasa. Amma da zarar an yi La'asar an baro gona, mafi yawan matasanmu ba su da wurin zuwa sai gidan kallon ƙwallo, wasu kuma su zarce wajen cacar da ke biye da ita. Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata ƙungiyoyin matasa da makarantun sakandare na yankin su gwada shirya taron wasan yaƙi a kan tebur. Sai dai tun da ba a fafe gora ranar tafiya, wajibi ne a tsayar da tsarin wasan kafin a gayyaci kowa.

Ga wanda bai san wasan ba, ana zana taswirar filin daga a kan tebur ko a ƙasa, da tuddai da rafuka da ganuwa, sannan a jera 'yan ƙananan sojojin roba ko na ƙarfe, kowane ɓangare yana motsa rundunarsa bisa ƙa'ida. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz ya gabatar da irinsa don horar da hafsoshi, kuma ya sanya alƙali a tsakani. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya kai wasan hannun farar hula. Mu kuwa ba sai mun sayo kayan Turai masu tsada ba, domin yaranmu sun daɗe suna gina doki da laka, suna ƙera mota da kara.

Tsari biyu ne a gaban masu shirya taro. Na farko shi ne gasa irin ta sili-ɗaya-ƙwale, inda ake daidaita ƙarfin kowa, mutum biyu su kara, wanda aka ka da ya koma gefe. Na biyu shi ne wasan labari, inda ake raba jama'a runduna-runduna, a ba kowace runduna matsayi a cikin wani labari, sakamakon karon yau ya zama mafarin karon gobe. A nawa ra'ayin, na biyun ne ya dace da mu.

Dalilina na farko lissafi ne. Idan matasa 32 suka shiga sili-ɗaya-ƙwale, 16 za su fita a zagayen farko, kafin zagaye na uku kuwa 24 sun zama 'yan kallo. Yaron da ya hau babur daga ƙauyensa ya zo, aka fitar da shi cikin rabin sa'a, da wuya ya dawo. Su kuma 'yan kallon da ba su da abin yi, ba a daɗewa sai su fara ɗora kuɗi a kan wanda zai ci, kun ga an gudu ba a tsira ba.

Dalili na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne tarihi bai taɓa daidaita ƙarfin mayaƙa ba. Mu ɗauki abin da ya faru a maƙwabtanmu. A farkon 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da dakarun Turawa, ya fara cin karo da turjiya a Bebeji, sannan ya ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ɓangare ɗaya yana da igwa da bindiga mai ruwan harsashi, ɗayan kuma ganuwa da dawaki da baka. A tsarin gasa wannan karo ba zai yiwu ba, domin kowa zai ce an yi masa rashin adalci. A tsarin labari kuwa sai alƙali ya ba kowa tasa manufar: masu tsaron gari su yi nasara idan sun tsare ƙofa na tsawon motsi goma har mata da yara suka fice, maharan kuma su yi asara idan guzurinsu ya ƙare kafin su shiga. A nan ne yaro zai fahimci abin da kakanninsa suka fuskanta fiye da yadda allon aji zai nuna masa.

Na san za a ce tsarin labari yana cin lokaci, kuma yana ɗora nauyi mai yawa a kan alƙali. Gaskiya ne. Maganin na farko shi ne a rarraba labarin zuwa zama huɗu ko biyar, sau ɗaya a mako tsakanin La'asar da Magariba, a kuma kauce wa lokacin dashe da girbi. Maganin na biyu shi ne a rubuta ƙa'idoji a takarda ɗaya da Hausa, a karanta a gaban kowa, a kuma ɗauko alƙali daga garin da ba ya cikin wasan, kamar malamin tarihi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Turawa suna yanke hukuncin karo da jefa ƙwaya irin ta ludo, abin da da yawa daga malamanmu suke ƙyama. Mu muna da dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda ba ruwanta da sa'a. Duk inda runduna biyu suka haɗu a taswira, sai wakilansu su zauna su buga dara, mai ƙaramar runduna ya fara da ƙarancin 'ya'ya. Hakan zai jawo dattawan gindin bishiya cikin taron a matsayin masu ba da shawara. Na biyu, a guji labarin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, domin jikokin Tukurawa da na Yusufawa suna nan da ransu. Haka kuma kada a haɗa runduna bisa gari, a ce Kura ta kara da Bunkure. A cakuɗa su, ɗan bakin kwata da ɗan ƙarshen kwata su zauna a runduna ɗaya, tun da dama rabon ruwa ya isa abin saɓani a tsakaninsu.

Kira na ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa shi ne su fara da ƙaramin gwaji, tebur biyu da yara ashirin, su ga nawa ne za su dawo a mako na biyu. Wannan adadin ne zai nuna ko tsarin ya karɓu. Allah Ya sa mu dace, amin.