Ƙofar Da Baƙo Ke Shigowa Da Kaya

Duk wanda ya nemi shiga jami'a, ko bautar ƙasa, ko aikin gwamnati a 'yan shekarun nan, ya san gurbin nan na fom ɗin intanet inda akan ce masa ya ɗora hotonsa ko takardar shaidarsa. Zai zaɓi hoton, ya danna, ya ɗan dakata, sa'an nan a ce masa an karɓa. A wurinsa magana ta ƙare ke nan. Amma a wurin wanda ya gina shafin, yanzu aka fara, domin kuwa sauran guraben fom 'yan kalmomi kawai suke karɓa, wannan kuwa kaya sukutum yake karɓa daga hannun mutumin da ba a sani ba, ya shigar da su har ƙuryar ɗaki.

Da farko fom ɗin intanet ba ya ɗaukar fayil sam. Sai a watan Nuwamba na 1995 waɗansu ma'aikata biyu na kamfanin Xerox a Amurka, watau Ernesto Nebel da Larry Masinter, suka fito da ƙa'idar da har yau a kan tushenta ake tafiya. Ga yadda take. Burauza takan haɗa dukan abin da aka cika a fom ta yi ƙunshi guda mai sassa da yawa, ta raba kowane sashe da ɗan'uwansa da wani layi na iyaka. A kan sashen da ke ɗauke da fayil takan rubuta sunan fayil ɗin da kuma irinsa, kana abin da ke cikinsa ya biyo baya. Wannan ƙunshi shi ake aika wa babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, wadda masu sana'ar ke kira saba.

A can, wani rubutaccen umarni ne ke jiran ƙunshin, kamar yadda mai gadi ke zaune a zaure. Akan rubuta irin wannan umarni da harsuna kamar PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ko ASP, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1996. Tsohon ASP bai iya kwance ƙunshin da kansa ba, sai dai mai tsara shafi ya karanta shi ɗanye, ya bi layukan iyaka ɗaya bayan ɗaya ya yanko fayil ɗin, ko kuwa ya sayi wata 'yar manhaja ta yi masa. PHP kuwa yakan kwance ƙunshin, ya ajiye fayil a ma'ajin wucin gadi, ya sanar da sunansa da irinsa da nauyinsa. In umarnin bai ɗauke shi ya kai mazauni na dindindin ba kafin ya gama aiki, sai a shafe shi. Bugu da ƙari, in ba a sauya saitinsa na asali ba, PHP ba ya karɓar fayil da ya wuce megabayit 2, ko fom da dukansa ya wuce megabayit 8. Hoton da wayar zamani ke ɗauka kuwa sau da yawa yakan zarce megabayit 2, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa fom ya yi ta ƙin hoton ɗalibi ba tare da ya ce masa kome ba.

To, gizo yana saƙar ne a wuri guda. Sunan fayil da irinsa, waɗanda ke rubuce a kan ƙunshin, mai aikowa ne ya faɗe su, ba sabar ce ta auna ba. Mai gaskiya zai faɗi gaskiya, mugu kuwa zai rubuta abin da ya ga dama. Yana iya rubuta nasa umarnin, ya ce hoto ne, kura da fatar akuya ke nan. Idan aka ajiye wannan fayil da sunan da ya zo da shi a cikin jakar da sabar ke zartar da umarni, to, abin da ya rage wa mugun kawai shi ne ya kira adireshin fayil ɗin daga ɗakinsa. Nan take sabar za ta bi umarninsa kamar na mai gida, ya karanta bayanan jama'a, ya kwashe, ya goge abin da ya so.

Ko ba mugu ma, sakaci kaɗai ya isa ya yi ɓarna. Alal misali, ɗalibai biyu kowanne ya sa wa hotonsa suna iri ɗaya. In ba a sauya sunan ba, na biyu zai hau kan na farko, sai a wayi gari hoton wani yana kan takardar wani, a tare shi a ƙofar ɗakin jarrabawa a ce ɗan sojan gona ne.

Saboda haka gogaggun masu sana'ar ba su cinikin biri a sama. Sukan fara da auna nauyin fayil a kan sabar kanta, domin binciken da ake yi a cikin burauza yana hannun baƙo, yana iya tsallake shi. Sukan rubuta 'yan nau'o'in da aka yarda da su, duk abin da ba ya cikin jerin a mayar da shi. Sa'an nan su leƙa cikin fayil ɗin, tun da yake kowane nau'i yana da tambarinsa a farkonsa: takardar PDF takan fara da haruffan %PDF, hoton JPEG kuma da nasa lambobin. Waɗansu ma sukan sake zana hoton sabo su jefar da na asali, don kada a ɓoye wani abu a ciki. Daga nan sai a raɗa wa fayil sabon suna, a ajiye shi a jakar da ba a isa gare ta kai tsaye daga intanet, kuma ba a zartar da umarni a cikinta, ba kuwa za a nuna shi ba sai ga wanda yake da izini.

Duk da haka, wani lokaci a jikin manhajar da ke kwance ƙunshin ne ɓarakar take. A watan Maris na 2017 aka gano irin wannan aibi a sashen karɓar fayil na manhajar Apache Struts, aka kuma fitar da gyara a cikin watan. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara tarihin bashin jama'a, bai sa gyaran a inda ya kamata ba. Daga watan Mayu zuwa Yuli ɓarayi suka yi ta ɗiba, har suka kwashi bayanan mutum kimanin miliyan 147. Shugaban kamfanin ya sauka a watan Satumba, kuma a 2019 kamfanin ya amince zai biya aƙalla dala miliyan 575. Rigakafi dai ya fi magani.

A nan Nijeriya, tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai karɓar irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Amma tun kafin doka akwai amana. Yaron da ya biya kuɗi a shagon intanet ya ɗora takardar haihuwarsa ba shi da hanyar sanin inda aka ajiye ta. Saboda haka nauyin yana wuyan mai tsara shafi, da kuma jami'in da zai sa hannu a biya shi. Ba sai jami'in ya iya PHP ba kafin ya yi tambaya uku: ina ake ajiye fayilolin, wa ke iya buɗe su, kuma wa zai riƙa sa gyara bayan an ƙare kwangila? Ɗan kwangilar da ya kasa amsa waɗannan bai gama aikinsa ba tukuna, kome kyan shafin a ido.

Allah Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta.