Kwangilar Gwamnati Ta Bar Mana Magina

A Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa, rabon gado ya tsuke gonaki har ba sa riƙe gida shekara, shi ya sa samari ke tafiya cin rani da zarar an kai amfani rumbu. Duk da haka, in an ba da kwangilar aji ko kwalbati, daga birni ake kwaso birkila da kafinta, ɗan gari kuwa sai ɗaukar bulo, a sallame shi da abin da aka ga dama. Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a 2024, amma dokar albashi ta tarayya ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma a nan leburori da yawa suke. Ya kamata kowace takardar kwangila ta fayyace ladan yini, ta kuma wajabta ɗaukar yaran gari koyon sana'a a hannun gwanaye. Amurka ta ɗaure 'yan kwangilarta da sharaɗin lada tun 1931. Za a ce kuɗin aiki zai ƙaru. Zai ƙaru, amma in iska ta yaye rufin aji, kiran mai gyara daga Kano ya fi tsada, kuma sau da yawa ba ya zuwa sai damina ta wuce.