Rumbu a Tsaye, Hatsi Babu: Ƙullin Karotid da Yadda Muke Ƙirƙirar Kalmomin Kimiyya

A kowane gefe na wuyan ɗan Adam, daidai inda babbar jijiyar jini ta karotid ta rabu biyu, akwai wani ƙulli da girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsa ɗanɗana jini. Da zarar iskar oksijin ta ragu, sai ya aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, numfashi ya ƙara sauri. Fernando de Castro na Sifen ne ya nuna a 1928 cewa gaɓar ji ce, Corneille Heymans na Beljiyam kuma ya sami kyautar Nobel ta 1938 saboda tabbatar da aikinta. Na ɗauko ƙullin ne don in auna wata al'ada tamu ta manazarta Hausa, wato jera kalmomin fannu, ta Hausa a gaban ta Ingilishi, mu ɗauka aiki ya kammala.

Tuntuɓen farko shi ne kalmar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo, ga shi ƙullin yana zaune ne a kan ta farko yana magana ta bakin ta biyu. Wannan mai sauƙi ne: a ce jijiyar jini da jijiyar saƙo, a wuce.

Mai wuyar tana cikin ƙwayoyin halittar ƙullin. Suna ɗauke da ƙananan ma'ajiyai cike da sinadaran katikolamin, musamman dofamin. Bari mu kira su rumbuna. A 1952 masu bincike na kamfanin Ciba a Basel suka tace maganin rizafin daga saiwar wani tsiro na Indiya, wanda ɗan'uwansa, Rauvolfia vomitoria, ke fitowa a Afirka ta Yamma. Likitoci suka yi ta ba da shi don hawan jini, masu bincike kuma suka mayar da shi abin gwaji, domin yana sa waɗannan sinadarai su ƙare. A 1969 Chen da Yates da Duncan suka duba ƙullin karotid na hamsta, wata dabba dangin ɓera, suka tarar cewa bayan rizafin yawan rumbunan bai ragu ba, abin da ke cikinsu ne ya tafi. Rumbu yana tsaye, hatsi babu.

To, da wace aikatau za mu faɗi wannan? Mai jera kalmomi zai rubuta "ƙarewa" ya ci gaba. Amma Hausa tana bambanta kwashewa da ɗiba da yoyo da zurarewa, kuma ɗaya ce kawai ta dace. Rizafin ba ya kwashe komai. Yana toshe ƙofar da ake zuba sinadarin ne, abin da ke ciki ya riƙa yoyo, wani sinadari da ke cikin ƙwayar ya lalata abin da ya fito. Wanda ya ce "kwashe" ya koya wa ɗalibi kuskure da Hausa mai kyau, wanda ya fi kuskure da gurɓatacciyar Hausa haɗari, don ba mai zarginsa.

Haka ma sakamakonsu na biyu. Sun ga ƙarancin oksijin bai rage abin da ke cikin rumbunan ba. Daga baya, a 1982, Fidone da abokan aikinsa suka nuna a ƙullin zomo cewa ƙarancin oksijin yana sa a saki dofamin. Ba lalle a ga saɓani a nan ba. Kowane manomi ya san rumbun da ake ɗiba ana zubawa ba ya nuna raguwa, kuma ƙwayoyin suna ƙara haɗa sinadarin idan buƙata ta ƙaru. Karin "ana ɗiba ana zubawa" ya riga ya ɗauki wannan ma'ana, sai dai ba shi da gurbi a jerin kalmomi, domin jimla ne.

Ba ina raina aikin magabata ba ne. Hausa Metalanguage da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi amfani a fagen harshe da adabi, amma saboda waɗanda suka ƙirƙiri kalmomin su ne ke koyarwa da su kullum, jimloli suka tankaɗe su. Kalmomin likitanci ba su sami wannan gatan ba.

A nan Kaduna damar tana kusa. Daga harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko tafiya ce 'yar kaɗan. Ɗalibin likitanci yana karatu da Ingilishi, amma tsohuwar da ta zo daga Kawo ko Badarawa da hawan jini da Hausa za ta tambaye shi yadda magani ke aiki a jikinta. A misalin rizafin, amsar me ya sa ƙarfinsa ke daɗewa bayan an daina sha ita ce sai jiki ya gina sababbin rumbuna ya cika su.

Shawarata ga mujallunmu ita ce duk mai kawo sabuwar kalmar kimiyya ya zo da ita cikin cikakken bayani na shafi ɗaya ko biyu, wanda malamin fannin ya sa hannu a kan ingancinsa, manazarcin Hausa kuma a kan harshensa. Ni kaina ban gamsu da "ƙullin karotid" ba, don ƙulli a kunnen majiyyaci ciwo ne, alhali wannan gaɓa ce lafiyayya. Na bar shi a nan har wani ya kawo wanda ya fi shi.