Fagen Wasanni: Ga Ƙarti Ga Fili, Ina Gasar?

A wannan mako za mu ɗan jingine batun ƙwallon ƙafa mu waiwayi kokawa, wasan da muka gada kaka da kakanni, wanda maƙwabtanmu na Jumhuriyar Nijar suka ɗaukaka har ya zama sarkin wasanni a ƙasarsu, alhali kuwa mu nan mun bar shi a hannun tsautsayi, in an ga dama a yi, in ba a ga dama ba a bari. Abin da nake so mu duba shi ne yadda suka yi suka kai ga haka, da kuma abin da zai hana Jihar Gombe ta yi koyi da su.

A shekarar 1975, wato shekara guda bayan Seyni Kountche ya karɓi mulki, aka buɗe gasar kokawar gargajiya ta ƙasa baki ɗaya a birnin Tawa. A lokacin ƙasar ba ta daɗe da fita daga matsanancin fari ba, kuma hukuma tana neman abin da zai haɗa kan Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa ɗaya. Sai aka ga babu abin da ya kai kokawa, tun da yake kusan kowane ƙauye yana da filinsa da makaɗansa da gwanayensa. Wanda ya fara zama zakara shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin Maraɗi, kuma har yau filin kokawa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso yake ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani.

Tsarin gasar ba shi da wuyar fahimta. A yau Nijar tana da jihohi 8, wato Agadas, da Difa, da Doso, da Maraɗi, da Tawa, da Tilaberi, da Damagaram, da kuma Yamai. Kowace jiha takan tace 'yan kokawarta tun daga ƙasa har ta fitar da gwanaye 10, saboda haka ƙarti 80 ke nan suke haɗuwa a gari ɗaya na wajen kwana 10. Jiha takan kara da jiha, mutum goma da mutum goma. Wanda duk aka kayar ya fita daga sahun masu neman sarauta, ko da yake zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Haka za a yi ta rairaya har a bar mutum biyu, wanda ya yi kaye a cikinsu a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da miliyoyin sefa. Daɗin daɗawa, ba a gari ɗaya ake yi kullum ba, zagayawa ake yi daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan. A ƙarshen shekarar 2023 Agadas ce ta karɓi baƙuncin karo na 44, inda Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na 6.

Duk wanda ya taɓa zama da mutanen Nijar a kwanakin gasar, ko a kasuwa ko a zango, ya san yadda al'amarin yake. Mai shayi da mai gadi da babban ɗan kasuwa kowa kunnensa yana kan rediyo ko idonsa yana kan waya, ana ta muhawara a kan wanda ya faɗi da wanda ya rage a tsaye. Ga makaɗa, ga masu kirari, ga 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokawa suna ba jama'a dariya. Idan ɗan Damagaram ya yi kaye, to, Damagaram ce ta yi kaye. A nan asirin yake. Abu biyu suka riƙe wannan gasa shekara da shekaru: na farko tana da lokacinta da kowa ya sani yake jira, na biyu kuma kowane ɗan kokawa sunan jiharsa yake ɗauke da shi a ka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara ta tsaya ga maƙwabtanmu kaɗai. Can a ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, akwai wani wasan gargajiya da suke kira harlin, wanda ya yi kama da ƙwallon gora. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, kowa riƙe da sanda mai faɗin baki, suna bugun wata 'yar ƙwallo ta fata. In ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta saman sandar raga maki 1. A ƙarni na 19 wasan ya kusa mutuwa, saboda yunwa da ƙaura da kuma rinjayen wasannin Ingilishi. Sai ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack da 'yan'uwansa suka taru a garin Thurles suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya ta ƙasarsu. Suka rubuta dokoki, suka ce kowa ya yi wa unguwarsu da lardinsu wasa, kuma a 1887 aka fara gasar larduna ta ƙasa baki ɗaya.

Yau fiye da shekara 130 ke nan ana wannan gasa. Ana fara ta da bazararsu, larduna su kara da juna a shiyya-shiyya, sa'an nan a yi wasan ƙarshe a watan Yuli a filin Croke Park na birnin Dablin, wanda yake cin mutum 82,300. Lardin Kilkenny ya ɗauki kofin sau 36, lardin Limerick kuwa ya ɗauka sau 4 a jere daga 2020 zuwa 2023. Abin da ya faru da lardin Tipperary ya isa darasi. A 2024 ko wasa ɗaya bai ci ba a shiyyarsu, shi ne na kashin baya. Amma da shekara ta kewayo, ranar 20 ga Yuli, 2025, sai ga shi a wasan ƙarshe da lardin Cork. Aka tafi hutun rabin lokaci Cork tana gaba da maki 6, da aka dawo kuwa maki 2 kacal ta ƙara, aka tashi Tipperary tana da 36, Cork tana da 21. Ga amfanin gasa mai dawowa kowace shekara ke nan: wanda ya sha ƙasa bana ya san akwai baɗi, sai ya koma gida ya yi shiri. Abin mamaki kuma, waɗannan 'yan wasa ba a biyansu albashi. Malaman makaranta ne da manoma da ma'aikatan banki da ɗalibai, ranar Lahadi su cika fili, ranar Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya wasan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To, mu dawo gida. Mu ba ƙarti muka rasa ba. Wanda yake shakka ya je Tudun Hatsi ya ga samarin da suke wuni suna sauke buhunan masara da wake daga manyan motoci. Gwanaye ma mun yi su, musamman a dambe, inda har yau ake ambaton Shago da Ɗandunawa, da waƙoƙin da Ɗan'anace ya yi wa mazajen fage. Amma dubi yadda abin yake tafiya a wajenmu. Damben da ake yi a Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran garuruwa, tsakanin Kudu da Arewa da Guramaɗa ake yinsa, kuma mai gidan dambe ne yake ɗauko 'yan wasa ya kafa shinge ya karɓi kuɗin ƙofa. In kasuwa ta yi a ci gaba, in ba ta yi ba a naɗe tabarma. Kokawa kuwa sai bikin kamun kifi na Argungu, ko wani naɗin sarauta, ko kuwa Bikin Wasanni na Ƙasa da aka faro a Legas a 1973, wanda ba kowace shekara ake yi ba, kuma a cikinsa kokawa da dambe da langa 'yan rakiya ne a tsakanin wasanni barkatai. Yaro a nan Tudun Wada zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ɗaya bayan ɗaya har da na benci, amma tambaye shi wane ne sarkin kokawar Gombe, sai ya yi maka kallon mamaki. Ba laifinsa ba ne, ai ba a naɗa ba.

Shawarata ga hukumomin wasanni na jiha da shugabannin ƙananan hukumomi ita ce a kafa gasar kokawa ta shekara-shekara tsakanin ƙananan hukumomin jihar nan 11, wato Akko, da Balanga, da Billiri, da Dukku, da Funakaye, da Gombe, da Kaltungo, da Kwami, da Nafaɗa, da Shongom, da Yamaltu-Deba. A fara tacewa daga mazaɓu 114 da muke da su, kowace ƙaramar hukuma ta fitar da mutum 10, jimla 110 ke nan. In kowace za ta kara da kowace, karawa 55 ce, wadda za a iya gamawa cikin mako 11, ana yin 5 kowace Asabar, ƙaramar hukuma ɗaya tana hutawa. A fara bayan an kai amfanin gona gida, a kuma duba kalanda kowace shekara don kada a ci karo da watan azumi. Wannan mako Kumo, mako mai zuwa Bajoga, na gaba Talasse ko Deba ko Malam Sidi, sa'an nan waɗanda ba a kayar ba su haɗu a filin wasa na Pantami a fitar da sarki. Sharaɗi guda ne ba za a sassauta ba: kowa ya yi wa inda aka haife shi ko inda yake zaune wasa. Ran da aka fara hayar ƙarti daga wasu jihohi don neman suna, ran nan gasar ta mutu.

Na san akwai masu cewa ina kuɗi. Kokawa ba ta bukatar ciyawa ko fitilu ko takalma daga Turai. Yashi ne, da buhunan da za a kewaye fage, da alƙalai, da ma'aikacin asibiti, da motar da za ta kai 'yan wasa ta komo da su. Akwai kuma malamai da iyaye da suke ƙyamar fagen kokawa saboda guraye da layu da tsiraici da caca da wasa da lokacin salla, kuma maganarsu abin saurare ce. Maganin wannan shi ne doka rubutacciya tun kafin a fara: irin suturar da za a sa, da abin da aka hana shiga da shi fage, da lokacin farawa da na tashi, da hukuncin wanda aka kama yana caca. Mutanen Ailan ma sai da suka tilasta wa kowane ɗan wasa sa hular kwano daga 2010, da suka ga raunin kai ya yi yawa, kuma wasan bai rasa armashinsa ba. Masu tsoron rigima tsakanin magoya baya su ma suna da hujja, saboda haka sarakuna da hakimai da dagatai su zama iyayen gasar, a kuma nisanta ta da tutar kowace jam'iyya, domin in siyasa ta shiga ta ƙofa, zumunci ta taga zai fita.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi shi ne halin da samarinmu suke ciki. Mutanen garin nan ba su manta da ta'asar 'yan kalare ba, kuma kowa ya san cewa yawancinsu yara ne masu jini a jika da suka rasa inda za su kai ƙarfinsu, sai wasu suka saye shi da araha. Saurayi yana son a san shi, yana son a kira sunansa a gaban jama'a a yi masa tafi. In bai sami wannan a fage ba, zai neme shi a lungu da gora da adda. Ban ce kokawa za ta maye gurbin makaranta ko sana'a ba, amma wanda ya san cewa Dukku ko Billiri tana jiransa ya fitar da ita kunya a watan gobe, da wuya ya kwana a wajen shaye-shaye. Bugu da ƙari, jihar nan da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, gida ce ga Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Tula da Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kuma wuraren da suke haɗa mutumin Nafaɗa da na Shongom suna raha ba su da yawa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma sun ce zamani riga ne. Nijar da Ailan sun haɗa biyun: sun riƙe wasan kakanninsu, sun ɗinka masa rigar zamani, wato doka da alƙali da lokaci tsayayye. Saura mu. Ina roƙon Kwamishinan Matasa da Wasanni da majalisun sarakunanmu su zauna a kan wannan batu tun kafin kaka mai zuwa, ko da da ƙananan hukumomi huɗu ne a fara, sauran in sun ga daɗin abin da kansu za su nemi shiga. Masu karatu kuma da suke da gwanayen kokawa a garuruwansu, su rubuto mana sunayen filayensu da lokacin da suke wasa, za mu buga a wannan shafi in Allah ya so.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.

Daga Tudun Wada, Gombe.