Horon sanin makamar aiki a Nijeriya: Ga takarda, ina gurbi?

A kowace shekara dubban ɗaliban jami'o'i da manyan kwalejojin Nijeriya kan bar ajujuwansu na tsawon watanni domin samun horon sanin makamar aiki, sai dai da dama daga cikinsu kan koma makaranta ba tare da sun taɓa na'urar da aka tura su koyon sarrafawa ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa wata babbar makaranta a ƙasar gab da ƙarshen zangon karatu, ya san irin cincirindon da ake yi a ƙofar ofishin da ke kula da wannan horo, wanda aka fi sani da SIWES.

Abin da ɗalibi kan fito da shi daga nan shi ne takardar gabatarwa mai ɗauke da hatimin makaranta, da kuma littafin da zai riƙa rubuta ayyukansa na yau da kullum, wanda ɗalibai ke kira logbuk.

Daga nan kuma sai ya kama hanya, daga wannan kamfani zuwa wancan, daga wannan ma'aikata zuwa waccan, yana neman inda za a karɓe shi.

A daidai lokacin da ake ta muhawara kan rashin aikin yi tsakanin masu digiri, ba kasafai ake waiwayar wannan ɗan ofishi ba, alhali shi ne gadar da aka gina domin ta sada aji da wurin aiki.

Asalin shirin

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a shekarar 1971 a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 47, kuma hedkwatarsa na garin Jos.

A shekarar 1973 ne asusun ya ɓullo da shirin SIWES, bayan ƙorafin da masu masana'antu suka yi ta yi cewa ɗaliban da manyan makarantu ke yayewa sun san karatu, amma hannunsu bai saba da aiki ba.

Da farko asusun ne ke ɗaukar nauyin komai. Da nauyin ya yi yawa, sai a shekarar 1979 aka miƙa shirin ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da kuma Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, mai mazauni a Kaduna. A shekarar 1984 aka sake mayar da shi hannun ITF, bisa sharaɗin gwamnatin tarayya ce za ta riƙa ba da kuɗin.

A bisa tsarin, ɗaliban jami'a masu karanta fannoni irin su injiniya da kimiyya da aikin gona kan yi watanni shida, yayin da na kwalejojin kimiyya da fasaha da na kwalejojin ilimi kan yi watanni huɗu.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka tsara shirin jami'o'i shida kacal ne a duk faɗin ƙasar: Ibadan, da Nsukka, da Ife, da Legas, da Benin, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A yau jami'o'in tarayya da na jihohi da masu zaman kansu sun haura 250, ban da kwalejoji.

Yawaitar makarantun ce ma ta sa a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar dakatar da kafa sababbin manyan makarantu nata har tsawon shekaru bakwai.

Aikin da ba a gani

A rubuce dai, nauyin da ke kan ofishin SIWES na kowace makaranta ba ƙarami ba ne.

Shi zai tattara sunayen ɗaliban da lokacinsu ya yi, ya nemo musu guraben da suka dace da abin da suke karantawa, ya shirya musu taron wayar da kai, sannan ya aika da jerin sunayensu da wuraren da aka tura su ga hukumar da ke sa ido a kan makarantar da kuma ITF.

Haka nan shi zai tsara yadda malamai za su bi ɗaliban har wuraren aikin domin su ga abin da suke koyo da idonsu, kana a ƙarshe a duba littafin kowa a ba shi maki.

Daga cikin waɗannan ayyuka, biyu ne ke buƙatar a fita daga harabar makaranta, wato nemo gurbi da bin sawun ɗalibi. Su ne kuma suka fi cin kuɗi da lokaci, don haka su ake fara yin watsi da su idan aljihu ya yi rauni.

Abin da kan rage shi ne aikin takarda: a buga hatimi, a cike fom, a aika da jerin suna. Ta haka ne ɗalibi zai iya kammala watanni shida yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ko ma yana zaune a gida, amma ya dawo da littafi a cike, da sa hannu a kowane shafi.

Yajin aikin malaman jami'a ya ƙara dagula lissafi. Ƙungiyar ASUU ta shafe kimanin watanni tara tana yajin aiki a shekarar 2020, ta kuma yi na watanni takwas a 2022. Duk lokacin da jadawalin karatu ya wargaje haka, jami'in da ya yi wa wani kamfani alkawarin turo ɗalibai a wata kaza ba ya iya cika alkawarin, wani lokaci ma sai a matse wa'adin horon domin a cim ma zangon da aka rasa.

Masana'antun da suka rufe

Ko da ofishin ya tashi haiƙan, tambayar ita ce ina zai tura ɗaliban? A nan ne matsalar arewacin ƙasar ta fi fitowa fili.

A shekarun 1970 da 1980, unguwar Kakuri da ke Kaduna cike take da masaƙu, waɗanda ke ɗaukar dubban ma'aikata. A Kaduna ɗin ne aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. A Kano akwai unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, a Bauchi akwai kamfanin harhaɗa motoci na Steyr, ga kuma masana'antun mulmula ƙarafa a Katsina da Jos.

Ɗalibin injiniya daga Zariya a wancan zamani ba sai ya yi nisa ba kafin ya samu inda zai tsaya gaban injin yana aiki.

Labari ya sha bamban tun daga farkon shekarun 2000. Masaƙar KTL, wadda aka kafa a 1957, ta rufe a shekarar 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Ƙarancin wutar lantarki, da tsadar man injin, da kwararowar yadudduka masu arha daga waje, sun haɗu sun durƙusar da su. Matatar man Kaduna ma ta shafe shekaru ba ta tace mai.

Akwai dai sauran manyan wurare, kamar kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, da kamfanonin sadarwa da bankuna. To amma guraben da suke da su ba su kai ko kusa da yawan masu nema ba, galibin sababbin manyan masana'antu kuwa, har da matatar man Dangote da aka ƙaddamar a 2023, a Legas da kewayenta suke.

Shi ya sa ɗalibai da dama a arewa kan ƙare a sakatariyar jiha ko ta ƙaramar hukuma, inda wani lokaci ko kujerar zama sai an yi karɓa-karɓa.

Batun kuɗi

Shekaru da dama alawus ɗin da aka yanka wa ɗalibi shi ne Naira 2,500 a wata, wato Naira 15,000 ga mai yin watanni shida, kuma ɗalibai sun daɗe suna kokawa cewa kuɗin kan zo ne bayan an gama horon da daɗewa.

A cikin waɗannan shekaru, mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ma ya koma Naira 77,000 a 2025.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninninka. Wannan ya shafi ɗalibin da ke zuwa aiki kullum, kamar yadda ya shafi malamin da ake son ya taso daga Kano ko Maiduguri ya duba ɗalibansa a Abuja ko Fatakwal. Ga kuma fargabar masu garkuwa da mutane a wasu manyan hanyoyi.

Sakamakon haka shi ne, gurbi mai kyau kan zama na wanda iyayensa za su iya kama masa ɗaki a wani gari, ko kuma na wanda yake da ɗan uwa a cikin kamfani. Ɗan talaka kan zaɓi wurin da ƙafarsa za ta iya kai shi, ko ya dace da karatunsa ko bai dace ba.

Lamarin ya fi tsanani ga ɗalibai mata. Iyaye da yawa ba za su amince 'yarsu ta tafi wani gari ta zauna watanni shida ba, matuƙar ba su san wanda zai kula da masaukinta da tsaron mutuncinta ba. Da makaranta ce ta nemo wurin, ta kuma tsaya a matsayin mai lamuni, da hankalinsu ya fi kwanciya.

Su kuwa kamfanoni, doka ta ɗora musu biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu ga asusun ITF a kowace shekara, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya wajabta wa masu biyan karɓar ɗalibai. Sai dai doka ba ta iya tilasta wa injiniyan da aiki ya sha wa kai ya zauna ya koyar da wanda bai san da zuwansa ba.

Bayan kammala karatu

Wani giɓin kuma shi ne na sanin makomar ɗaliban bayan sun bar makaranta.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu neman aiki da ƙarfin yin sa ba su da aikin yi. A 2023 ta sauya hanyar lissafi, inda ake ɗaukar duk wanda ya yi aikin sa'a guda a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 cikin ɗari na watanni ukun farko na shekarar.

Babu ɗaya daga cikin alƙaluman biyu da zai gaya wa uba ko ɗan da ya tura karatun kimiyyar haɗa sinadarai a jami'a kaza zai samu aiki a fanninsa. Makarantar da ta yaye shi ce ya kamata ta iya ba da amsa.

A Birtaniya akan bi sawun waɗanda suka kammala jami'a watanni 15 bayan fitarsu, a tambaye su abin da suke yi, sannan a bayyana sakamakon kowace jami'a. A Jamus kuwa, inda dokar koyon sana'a ta 1969 ta haɗa makaranta da kamfani, mai koyon aiki kan sa hannu a kan yarjejeniya, ana biyansa, kuma cibiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu ne ke rajistar yarjejeniyar da shirya jarrabawa.

Nijeriya ba ta da masana'antun Jamus, amma ajiye lambar wayar tsohon ɗalibi da kiransa bayan shekara guda bai fi ƙarfin kowace jami'a ba.

Ina mafita?

Hukumomi ba su zauna haka nan ba. An shigar da darussan dogaro da kai cikin manhajar jami'o'i, hukumar yi wa ƙasa hidima ta ɓullo da shirin koyar da sana'o'i a 2012, sannan a ƙarshen 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a damar tsara kashi 30 cikin ɗari na abin da za ta koyar daidai da buƙatun yankinta.

Sai dai duk waɗannan gyare-gyare ne a cikin aji, alhali wanda ya koyi iyo a kan tabarma bai san ruwa ba tukuna.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki aikin nemo gurbi a matsayin sana'a mai zaman kanta, wadda ke buƙatar ma'aikatan dindindin da mota da kasafin kuɗi, maimakon ƙarin ɗawainiya da akan jingina wa malamin da ke fama da aji da duba jarrabawa.

Haka kuma akwai buƙatar a faɗaɗa ma'anar wurin horo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta nuna hanya, da ta ƙulla hulɗa da maƙera da masu walda na kasuwar Panteka. Kamfanonin casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, da masu kafa na'urorin hasken rana, da manyan gonaki, duk wurare ne da ɗalibi zai iya koyon aiki na haƙiƙa, muddin akwai wanda ya je tun da wuri ya zauna da masu su, aka amince da abin da za a koyar, aka kuma dawo aka duba.

Idan ba haka ba, za a ci gaba da buga hatimi a kan littattafan da babu komai a bayansu, masu ɗaukar ma'aikata kuma za su ci gaba da maimaita ƙorafin da ya sa aka kafa shirin tun shekarar 1973.